SHARHI: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Matan Nijeriya da Sana'ar Tseren Keke

A watan Agusta na shekarar 2024, ana tsakiyar wasannin Olamfik a birnin Faris, wani labari ya iso gida Nijeriya wanda ya sa mutane da dama suka sunkuyar da kai. Ese Ukpeseraye, 'yar asalin Jihar Delta, wadda kafin ita babu wani ɗan Nijeriya, namiji ko mace, da ya taɓa shiga tseren keke a wasannin Olamfik, ta fito fili ta yi wa tawagar ƙasar Jamus godiya saboda sun ara mata keken da ta hau ta shiga tseren cikin zaure. Ke nan yarinyar da ta je ɗauke da tutar ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, da ba don karamcin abokan hamayyarta ba, da sai dai ta zauna cikin 'yan kallo ta yi wa wasu tafi.

Ministan wasanni na wancan lokaci, Sanata John Enoh, ya yi wa jama'a bayani cewa tseren kan titi kaɗai Nijeriya ta cancanci shiga tun da farko, kuma an tanadi keken da ya dace da shi. Gurbin tseren cikin zaure daga baya ya faɗo, a ƙurarren lokaci, alhali irin keken da ake hawa a can sai an yi odarsa da watanni kafin ya iso. Adalci ne a faɗa cewa wannan bayani yana da tushe, domin kekunan biyu ba su haɗa hanya ba. Na titi yana da burki da giya iri-iri na hawan tudu da gangara, na zaure kuwa ba shi da burki ko ɗaya, giyarsa guda ce tak, kuma muddin tayar baya tana juyawa dole ƙafar mahayi ta ci gaba da juyawa. Sai dai ko da an karɓi uzurin baki ɗayansa, akwai tambayar da bai amsa ba. Ƙasar da ta mallaki zauren tseren keke a babban birninta tun shekarar 2003, ta kuma karɓi baƙuncin gasar Afirka a cikinsa a 2022, yaya aka yi babu keke ko guda a rumbunta wanda ya kai matsayin da za a hau a gaban duniya?

Amsar wannan tambaya tana cikin lissafin kuɗi, shi ya sa muka kawo batun a wannan shafi na tattalin arziki. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, matan Nijeriya masu tseren keke sun riga sun sauke nauyin da ke kansu, sun nuna ƙwazo sun ciwo lambobi. Abin da ya rage wa ƙasa shi ne ta mayar da wannan ƙwazo sana'a, wato a samu albashi na wata-wata, da kwantiragi a rubuce, da jerin gasanni da aka san ranakunsu tun farkon shekara, da kayan aiki mallakar gida. Muddin babu waɗannan, kiran 'yar wasa ƙwararriya suna ne kawai, kuma abin kunyar da ya faru a Faris zai sake faruwa ko da an canja ministoci goma.

Domin mai karatu ya fahimci inda gizo ke saƙa, ya kamata ya san yadda tseren keke ke ciyar da masu yin sa. Ƙwallon ƙafa yana da kuɗin ƙofa, yana da cinikin 'yan wasa tsakanin ƙungiyoyi. Tseren keke na kan titi ba shi da ƙofar da za a tsare, kowa na iya tsayawa bakin hanya ya sha kallo kyauta. Saboda haka kusan duk kuɗin da ƙungiya ke kashewa yana fitowa ne daga kamfanonin da ke sayen sunanta da rigunanta don tallar hajarsu. Kamfani kuwa ba ya zuba kuɗi sai ya tabbata za a ga sunansa a akwatin talabijin. Ga yadda sarƙar take: in ba a nuna gasa ba, babu mai talla, in babu mai talla, babu albashi, in babu albashi, 'yar wasa sai ta raba hankalinta tsakanin atisaye da neman abinci, ƙwazonta ya ragu, sannan masu gidajen talabijin su ce ai tseren mata ba ya jan ido. A cikin wannan da'ira matan Turai da Amurka suka yi shekaru da dama suna zagaye.

Tarihinsu yana da darasi a gare mu. Tun a 1924 wata 'yar Italiya mai suna Alfonsina Strada ta shiga babbar gasar zagaye Italiya tare da maza, amma sai a 1958 aka fara gasar cin kofin duniya ta mata, sai kuma a 1984, a birnin Los Anjalis, aka ba mata damar tseren keke a wasannin Olamfik, inda Ba'amurkiya Connie Carpenter-Phinney ta ci zinariya. A wannan shekara ta 1984 masu shirya gasar zagaye Faransa, wadda ita ce uwar gasannin keke a duniya, suka buɗe ɓangaren mata, Marianne Martin ta lashe na farko. Bayan 1989 suka janye hannunsu saboda batun kuɗi. Aka yi ta jan ƙafa har 2013, lokacin da wasu fitattun 'yan wasa, cikinsu har da Marianne Vos ta Holan da Emma Pooley ta Ingila, suka tattara sa hannun mutane fiye da 90,000 suna neman a dawo da gasar. Abin da suka samu a 2014 tseren yini guda ne. Cikakkiyar gasar kwanaki ba ta dawo ba sai a 2022, bayan da kamfanin Zwift ya amince ya ɗauki nauyinta na shekaru huɗu.

Abin lura a nan shi ne, lamarin bai gyaru da kyakkyawar niyya kaɗai ba, sai da aka kafa dokoki masu alƙaluma. A 2020 Hukumar Tseren Keke ta Duniya, UCI, ta wajabta wa ƙungiyoyin mata na rukunin farko biyan mafi ƙarancin albashi na Yuro 15,000 a shekara. A 2021 ya koma 20,000, a 2022 ya kai 27,500, a 2025 kuma ya kai 38,000, wanda a canjin 2025 ya haura Naira miliyan 50. Hukumar ta kuma shar'anta hutun haihuwa, wata uku da cikakken albashi, sannan wata biyar da rabin albashi. Daɗin daɗawa, ta gindaya wa masu shirya manyan gasannin mata sharaɗin nuna aƙalla minti 45 kai tsaye a talabijin. Da aka fara nuna su sai ga 'yan kallo, da aka ga 'yan kallo sai ga masu talla, ƙaryar cewa tseren mata ba ya jan ido ta ƙare.

Duk da haka kada a ɗauka an cimma daidaito. A 2021, lokacin da aka fara ɓangaren mata na tsohuwar gasar nan da ake tashi daga kusa da Faris zuwa garin Rube, Lizzie Deignan ta Ingila, wadda ta dawo fage bayan ta haihu, ta zo ta ɗaya aka ba ta Yuro 1,535, alhali namijin da ya ci tasa gasar washegari ya tafi da Yuro 30,000. Surutun da ya biyo baya ya sa a 2022 aka ɗaga kyautar mata zuwa Yuro 20,000. A gasar zagaye Faransa kuwa, a 2022 wadda ta zo ta ɗaya Yuro 50,000 ta karɓa, namiji kuma 500,000. Haka nan a ƙananan ƙungiyoyi waɗanda dokar albashi ba ta hau kansu ba, mata da yawa sun ci gaba da tsere ba tare da ko kwabo ba. To idan wannan shi ne halin da ake ciki a ƙasashen da aka ƙirƙiro wasan, mai karatu zai iya ƙiyasta irin tudun da ke gaban yarinyar da ta taso daga Nijeriya.

Kuma duk da tudun, matanmu sun hau. A gasar kofin Afirka ta tseren cikin zaure da aka yi a Abuja a 2019, da gasar zakarun Afirka ta 2022 a wuri guda, 'yan matan Nijeriya sun kwashi lambobin yabo a gaban ƙasashen da suka girme mu a wannan fage. A watan Fabrairu na 2023, a birnin Akra na ƙasar Gana, Ese Ukpeseraye ta lashe tseren kan titi na mata na nahiyar Afirka baki ɗaya, nasarar da ta buɗe wa Nijeriya ƙofar zuwa Faris. Ta kuma samu shiga ƙungiyar Canyon-SRAM Generation, wadda aka kafa a Turai musamman don renon 'yan mata daga ƙasashen da wasan bai yi ƙarfi ba. Wannan abin farin ciki ne a gare ta, amma a mahangar tattalin arziki yana nuna giɓin da muke da shi. Zakarar Afirka sai da ta ƙetare teku kafin ta samu ƙungiyar da za ta riƙe ta a matsayin ma'aikaciya. Sauran abokan tserenta da ba su samu wannan sa'a ba, akasarinsu sun dogara ne da alawus ɗin sansani da tukuicin da gwamnonin jihohi kan bayar bayan Bikin Wasanni na Ƙasa, bikin da bisa ƙa'ida sai bayan shekara biyu yake zagayowa, wani lokaci ma a ɗage shi. Babu magidancin da zai iya tsara cefanen gidansa a kan kuɗin da ke zuwa sau ɗaya cikin shekara biyu.

Ga kuma tsadar kayan aiki. Keken gasa na gaske, ko na titi ko na zaure, dubban daloli ne, waɗanda manyan ƙasashe ke hawa a Olamfik kuwa sun kai dubun-dubatar daloli. Babu ko ɗaya da ake ƙerawa a gida, kuma taya da sarƙa da sirdi da hular kwano duk daga waje suke zuwa. Kafin watan Yuni na 2023 farashin dala a hukumance bai kai Naira 500 ba, a cikin 2024 ya haura 1,500. Wannan na nufin keken da iyaye ko ƙaramar ƙungiya za su iya kukkuɓa su saya a da, kuɗinsa ya ninka har uku cikin shekara guda. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama Naira 70,000 a wata a 2024, wato Naira 840,000 a shekara, ba a buƙatar dogon lissafi kafin a gane cewa 'yar talaka ba za ta taɓa mallakar keken gasa da guminta ba, komai baiwar da Allah Ya yi mata.

A nan ne maganar Abuja ta shigo. An gina zauren tseren keke, wanda aka fi sani da Belodurom, a harabar babban filin wasa na ƙasa domin wasannin Afirka karo na takwas da birnin ya karɓi baƙunci a watan Oktoba na 2003. A 2019 aka sa wa filin sunan marigayi Moshood Abiola. Ƙasashen Afirka da suka mallaki irin wannan gini ba su da yawa, saboda haka kadara ce ta a-zo-a-gani wadda aka gina da dukiyar jama'a. Amma ka tambayi mazaunin Abuja abin da ya sani game da Belodurom, da wuya ya ambaci keke. Zai ce maka wurin taro ne, domin an fi saninsa da tarukan addini da na siyasa da bukukuwa. Alal misali, a cikinsa jam'iyyar PDP ta gudanar da zaɓen fid da ɗan takararta na shugaban ƙasa a watan Mayu na 2022. Ba laifi ba ne gini ya nemo wa kansa kuɗi ta hanyar haya, hasali ma dabara ce mai kyau. Laifin shi ne a bar masu wurin na asali su zama baƙi a cikinsa, kuɗin hayar kuma ya bi ta wata hanya ba tare da ya saya musu ko taya ɗaya ba.

Idan dai ba a manta ba, an sanar da cewa gwamnatin tarayya ta amince da Naira biliyan 9 domin wasannin Olamfik na 2024, tawagar 'yan wasa 88 ta je ta dawo babu lamba ko ɗaya. Wannan ya nuna cewa matsalar ba ta rashin kuɗi ce kaɗai ba, akwai ta lokacin da ake sakin su. Mun saba da zuba kuɗi ana gobe tafiya, masu iya magana kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan abin da za a riƙa kashewa a kai a kai tsawon shekara huɗu, kan keke da koci da gasar gida, ya fi albarka a kan makudan da za a sake makonni kaɗan kafin a hau jirgi. A watan Oktoba na 2024 aka rushe ma'aikatar wasanni aka mayar da aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa, aka naɗa Malam Shehu Dikko shugabanta, da manufar a mayar da wasanni wani sashe na tattalin arziki. Idan ana neman wurin da za a gwada wannan manufa da kuɗi kaɗan a ga sakamako da wuri, to tseren keke na mata a Abuja ya cancanci zama a sahun gaba, tunda ginin yana nan, 'yan wasan ma suna nan.

Shawararmu ta farko ita ce a keɓe wani kaso sananne daga duk kuɗin hayar da Belodurom ya samu, a zuba shi cikin asusu na musamman wanda za a riƙa bayyana lissafinsa ga jama'a duk shekara. Da wannan asusu za a sayi kekunan zaure da na titi masu girma daban-daban, a ajiye su a wurin a matsayin kayan ƙasa, a ɗauki makanikai a horar da su kan kula da su. Duk yarinyar da ta nuna alamar baiwa ta zo ta hau ba tare da an tambaye ta ko mahaifinta wane ne ba. A kuma tsayar da ranakun atisaye da na gasa a kalanda tun watan Janairu, waɗanda babu wani taro, komai girman mai shi, da zai ture su.

Ta biyu ta shafi albashi, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. Chioma Ajunwa, wadda ta ciwo wa Nijeriya zinariya a dogon tsalle a birnin Atlanta a 1996, 'yar sanda ce. Hukumar Kwastan da ta tsaron farin kaya da ta kiyaye haɗurra sun daɗe suna riƙe da ƙungiyoyin mata na ƙwallon kwando ko na hannu ko na raga, inda 'yar wasa take ma'aikaciya mai albashi da fansho. Ko a Italiya, wasu daga cikin manyan mata masu tseren keke, irin su Elisa Longo Borghini, sun fito ne ta ƙungiyar wasanni ta 'yan sanda. Me zai hana waɗannan hukumomi namu, waɗanda dukkansu hedkwatarsu na Abuja, kowacce ta ɗauki 'yan mata shida ko takwas ta kafa ƙungiyar keke? Hukumar kiyaye haɗurra ma ita ta fi kowa dacewa, tunda ta daɗe tana kiran jama'a su rungumi hawan keke. Ƙungiyoyi huɗu ko biyar sun isa a fara gasar wata-wata. Kuma tun daga ranar farko a rubuta hutun haihuwa cikin kwantiragin, domin a ƙasarmu, inda akasarin 'yan mata kan yi aure a daidai shekarun ƙarfinsu, sana'ar da ba ta yi tanadin aure da goyo ba za ta riƙa rasa gwanayenta tun ba su kai ganiyarsu ba.

Ta uku tana wuyan 'yan kasuwa. Bankin Zenith ya ɗauki nauyin gasar ƙwallon kwando ta mata tun tsakiyar shekarun 2000, kuma a Faris ɗin da aka ari keke, a can ƙungiyar matan Nijeriya ta ƙwallon kwando ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, matsayin da babu wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kaiwa a Olamfik. Bankin Access ya sa sunansa a gudun famfalaƙi na Legas tun 2016. Mu a Arewa mun san yadda bankuna da kamfanonin sadarwa ke rububin sa sunansu a wasan folo na Kaduna da Kano da Katsina. Abin da ake kashewa a makon folo guda zai iya riƙe ƙungiyar keke ta mata tsawon lokaci. Abuja kuma tana da abin da mai talla ke so: tituna masu faɗi, da tuddai, da dutsen Aso wanda ke ƙawata hoto. Gasar kwana uku ta mata da za ta zagaya Babban Birnin Tarayya, in aka sa gidan talabijin na ƙasa ya nuna ta kai tsaye, haja ce da za a iya sayarwa. Ita kuma gwamnati nata shi ne ta yafe kuɗin fito a kan kekunan gasa da kayan gyaransu waɗanda ƙungiyoyi masu rajista suka shigo da su, domin abin da baitulmali zai rasa bai taka kara ya karya ba.

Mun san akwai masu cewa ƙasar da ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro ba ta da sararin tunanin tseren keke. Wannan magana tana da nauyi, kuma saboda ita ne babu ko ɗaya cikin shawarwarinmu da ya nemi a gina sabon abu ko a buɗe sabon babi a kasafin kuɗi. Muna cewa ne a ci moriyar abin da aka riga aka biya kuɗinsa. Ban da haka, keke ba baƙo ba ne a tattalin arzikin Bahaushe. Dattawa suna tune da zamanin da kamfanin Raleigh ke harhaɗa kekuna a Kano, lokacin da sabon keke yake alamar malamin makaranta ko manomin da gyaɗa ta yi wa kyau. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zame wa ma'aikatan da ke shigowa Abuja daga Nyanya da Kubwa da Lugbe babban nauyi. Wasan da zai dawo wa keke da martabarsa zai taɓa mai sayar da shi, da mai gyara, da mai faci. Sai dai titunan birnin an tsara su ne domin mota. A 2001 ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta yekuwar a koma hawan keke, shi kansa mota ta tura shi cikin kwata a Abuja yana kan kekensa. Idan minista bai tsira ba, babu uban da zai saki 'yarsa ta yi atisaye a kan babban titi. Rufe wasu tituna na 'yan sa'o'i da sanyin safiyar Asabar, tare da rakiyar jami'an kiyaye haɗurra, ba zai ci ko sisi ba in ban da tsari.

Akwai kuma batun al'ada, wanda bai kamata a yi masa kwana-kwana ba. A garuruwan Arewa ƙananan yara mata kan hau keken yayyensu ko na haya a cikin unguwa, amma da zarar yarinya ta fara zama budurwa sai a ce ta sauka. Damuwar iyaye a kan sutura da cuɗanya da maza da tafiye-tafiye damuwa ce ta gaskiya, kuma wanda ya yi mata izgili ya rasa su tun kafin a fara magana. Hanyar da ta dace ita ce a amsa ta da tsari. A Faris, Safiya Al Sayegh ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi tseren kan titi da kanta a rufe da suturar da ta rufe mata hannu da ƙafa, kuma ƙasarta ta fara shirya babbar gasar mata tun 2023. A Wagadugu, nan maƙwabtanmu, mace a kan keke za ta kasuwa ko makaranta ba abin da ake waiwaya ba ne. Zaure rufaffe irin na Abuja ma ya sauƙaƙa lamarin, domin ana iya ware ranakun mata zalla, da koci mace, iyaye kuma su zo su zauna su gani da idonsu. Wanda ya ga abin ya kwanta masa ya bar 'yarsa, wanda bai kwanta masa ba babu tilas. Amma ƙasa ba ta da hujjar rufe ƙofa ga rabin 'yan matanta tun ba a tambaye su ba.

Sauran ƙasashen Afirka ba su tsaya jiranmu ba. A 2025 Kim Le Court ta tsibirin Morishus, ƙasar da yawan mutanenta bai kai na birnin Kano ba, ta ci zango guda a gasar zagaye Faransa ta mata, ta kuma sanya rawayar rigar da jagorar gasa ke sawa. A watan Satumba na 2025 birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi baƙuncin gasar tseren kan titi ta duniya, karon farko da aka kawo ta Afirka, bayan shekarun da ƙasar ta yi tana renon gasarta ta cikin gida har ta zama hanyar jawo baƙi da kuɗin waje. Abin da waɗannan ƙasashe suka fi mu shi ne naci da tsari na shekara da shekaru.

Wasannin Olamfik na gaba za a yi su ne a 2028 a birnin Los Anjalis, inda mata suka fara wannan tsere a 1984. Hukumar Wasanni ta Ƙasa, da hukumar tseren keke ta Nijeriya, da ma'aikatar Babban Birnin Tarayya, da bankunan da ke neman inda za su sa sunansu, kowa ya san abin da ke kansa. Ma'aunin da za mu auna su da shi mai sauƙi ne: mata nawa ne ke karɓar albashin wata saboda tseren keke, gasa nawa aka yi a Belodurom cikin shekara, kekuna nawa ne ke ajiye a can da sunan Nijeriya. Jamusawa sun yi halin girma, kuma sun cancanci godiya, amma zanen aro ba ya rufe katara. Allah Ya sa 'yar Nijeriya ta gaba da za ta tsaya a layin tashi, ko daga Delta ta fito ko daga Zariya, keken ƙasarta ne a ƙarƙashinta.